Da me za a auna aikin Samaru, yawan maƙalu ko irin da ya isa gona?

Ɗalibar Noma:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun digiri na biyu a kimiyyar tsirrai, an ba ni aikin gabatar da takarda a kan tasirin binciken Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sati biyu ke nan ina tono a Scopus da Google Scholar, rumbunan intanet na neman maƙalun masana, kuma abin ya ɗaure mini kai. Wurin da aka fara bincike tun 1922, ya haura shekara 100, amma abin da na iya tattarowa da sunansa bai yi kama da aikin ƙarni guda ba. In na jera ta da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wadda sai 1967 aka kafa ta, tazarar tana da nisa ƙwarai. Aikin ne ba a yi ba, ko ni ce ban iya nema ba? Ina roƙon masu sani su haska mini.

Ma'aikacin Laburare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a yi maganar aiki, gyara ragar kamun tukuna. Masanan Samaru ba suna ɗaya suke rubutawa a saman maƙala ba. Wani zai sa IAR, wani ya sa sashen kimiyyar tsirrai na ABU, wani sashen kariyar amfanin gona, wani ABU kawai. Tun da cibiyar ta shiga cikin jami'a a 1962, mutum ɗaya shi ne mai bincike a cibiya, shi ne kuma malami a tsangaya. In kika nemi IAR ita kaɗai, da yawa za su zube miki.

Na biyu ya fi wannan girma. Scopus sai 2004 aka buɗe shi, kuma mujallun da ya zaɓa kawai yake lissafawa. Aikin Samaru na shekarun 1950 zuwa 1980 mai yawa yana cikin jerin takardun da cibiyar ke bugawa da kanta, irin su Samaru Miscellaneous Papers da Samaru Research Bulletin, da rahotannin taron tsara noma na shekara-shekara. Suna nan a kan kanta, takarda ta yi ja, wasu an buga su da tafireta. Injin nema bai san da su ba.

Malamin Jami'a:
Maganar Malam mai laburare gaskiya ce, amma kada mu mai da ita mafaka. Ni ma a wannan fanni nake koyarwa, a wata jami'ar. Binciken da ba wanda zai iya samunsa ya karanta, ya gwada, ya ƙaryata ko ya ɗora a kansa, rabin bincike ne. Ambaton da masana ke yi wa aikin juna ba ado ba ne, shi ne shaidar cewa wani a Indiya ko Brazil ya ga abin da ka gano ya yi amfani da shi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: maƙalu da yawa da muke rubutawa a cibiyoyinmu da jami'o'inmu don ƙarin girma ake yin su. Gwajin damina ɗaya a fili ɗaya, a yanka shi gida uku, a aika wa mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin sati biyu ba tare da wani masani ya tantance ba. Kwamiti ya ƙirga, a ba da matsayi. Wannan ciwo ne na ƙasa baki ɗaya, ban ware kowa ba, har da inda nake.

Tsohon Malamin Gona:
'Yata, bari tsoho ya sa baki. Ban san Scopus ba, amma na san 1975. Ina sabon malamin gona a lokacin, ina yawo da keke tsakanin ƙauyuka. A daminar nan darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ta sauko wa gyada, ta kawo kuturtar gyada. Za ki shiga gona ki ga ganye ya murɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa, tsiron ya tsugune wuri ɗaya kamar an danne shi da hannu. In kin tuge, ba ko ƙwaya a ƙasa. Na ga dattijo ya tsaya a bakin gonarsa ya kasa magana. An ƙiyasta hekta kusan dubu 700 ta lalace a Arewa a wannan shekara kaɗai. Ga farin da aka sha kafin nan. Daga wannan lokaci dalar gyadar Kano ba ta sake tashi ba, mutane da yawa suka koma wake da dawa.

To wa ya zauna da wannan cuta shekara da shekaru? Mutanen Samaru ne, daga baya suka haɗa hannu da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa. Matsalar ita ce irin da ke jure kuturta a da mai daɗewa ne a gona, damina ta ƙare bai nuna ba a wajen Kano da Katsina. Sai da aka yi ta haɗa iri ana zaɓe kafin a sami mai juriya kuma mai saurin nuna. Irin gyadar SAMNUT 21 da 22 da 23 suka fito a 2001, SAMNUT 24 a 2011. Lissafa daga 1975 ki ga shekarun. Gyadar da ta dawo gonakin Jigawa da Kano da Katsina, maƙala nawa za a ce ta yi daidai da ita?

Malamin Jami'a:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban musa ko kalma ɗaya ba. Amma ai shi ma wancan aikin da rubutu ya tafi. Da ba a rubuta cewa ba ƙwayar cuta ɗaya ce ke haddasa kuturtar ba, haɗaka ce, kuma darɓa ke ɗaukarta daga tsiro zuwa tsiro, da mai haɗa iri bai san abin da zai zaɓa ba.

Tsohon Malamin Gona:
Haka ne Dakta. Ni abin da nake gudu shi ne yarinyar nan ta tashi a gaban malamanta ta ce wurin bai yi komai ba saboda kwamfuta ba ta nuna mata ba.

Hajiya Mai Ƙuli:
Ku yi haƙuri da shigowata cikin maganar masu ilimi. Ni sana'ata matsar man gyada da ƙuli-ƙuli, shekara 19 ke nan. Duk sati ina sayen gyada buhu-buhu. Wallahi ban taɓa jin wani dillali ya ce mini ga SAMNUT kaza ba. Sunayen kasuwa muke kira, kowane gari da nasa. Ni dai in na ɗebo a hannu na murza, na ga ɓawonta da girman ƙwayar, na tauna ɗaya, na san wadda za ta ba ni mai da wadda za ta ba ni tunkuza kawai. Akwai wata 'yar ƙarama da ta yawaita a 'yan shekarun nan, tana fitowa da wuri tun kafin sauran su shigo kasuwa, kuma tana da mai. Ko daga Samaru take, ko daga ina, ba wanda ya taɓa gaya mana.

Ɗalibar Noma:
Hajiya, kin taɓo mini wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ke nan in mai bincike ya je ƙauye da takardar tambayoyi ya ce wa manomi "kana shuka ingantaccen iri?", yana iya cewa a'a alhali shi yake shukawa?

Malamin Jami'a:
Sosai kuwa, kuma an tabbatar da haka. An yi wa rogo gwajin DNA a gonakin Najeriya, aka kwatanta da abin da manoma suka faɗa da bakinsu, aka tarar da yawa suna kiran ingantacce na gida, wasu kuma suna kiran na gida ingantacce. Iri in ya yi shekara biyar yana yawo daga hannu zuwa hannu, lambar ofis takan faɗi, ya sami sunan wanda ya fara kawo shi gari ko sunan ɗan siyasar da aka raba shi a zamaninsa.

Bari kuma in ba ki misali ɗaya da zai nuna miki cewa ni da Baba ba mu yi nisa da juna ba. Ki bi wannan zaren da kyau, don shi ne zuciyar takardarki in da ni ne.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, tana da nau'in da ke kama wake. Tana manne wa saiwa ta tsotse shi tun kafin ta ɓullo sama. An sami wani waken gargajiya daga Botswana, lambarsa B301, wanda ba ta iya kama shi. Amma ƙwayarsa ƙanana ce, ba wanda zai saya a Dawanau. A 1990 B. B. Singh na IITA da A. M. Emechebe na Samaru suka buga maƙala a mujallar Crop Science, suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce rinjayayya ke ɗauke da wannan juriya. Ma'anar haka ga mai haɗa iri ita ce abin zai yi sauƙin ɗauka a kai cikin farin wake mai kyau. Daga wannan layi aka sami IT97K-499-35, wanda aka sake wa manoma a 2008 da sunan SAMPEA 10. Shi kuma SAMPEA 10 a kansa aka gina SAMPEA 20-T, waken da aka sauya wa ƙwayar gado don ya kashe tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa a Samaru. Hukumar NBMA, mai sa ido kan amfanin gona da aka sauya wa ƙwayar gado, ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista a matsayin iri a Disambar shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021.

Kin ga shekara 31 tsakanin 'yar maƙala mai shafuka kaɗan da buhun irin da ke shago. In kin ƙirga ambato kawai, ba za ki ga buhun ba. In kin ƙirga buhu kawai, ba za ki san daga inda ya taso ba.

Alhaji na Bunkure:
Dakta, tun da an zo kan waken nan, ni na shuka shi damina biyu. Zan faɗi abin da idona ya gani. A da in wake ya fara fure, duk sati ina gona da famfo a baya, sau shida, wani lokaci sau takwas kafin a gama. In ka yi sakaci na kwana goma, ka buɗe fure ka ga tsutsa a ciki, ka ga kwanso biyu sun manne da juna da wani abu kamar yanar gizo-gizo da kashinta a jiki. Da wannan irin sau biyu na yi feshi, saboda ƙwarin da ke tsotsar kwanso da ƙananan nan na cikin fure, su bai hana su ba. Kuɗin magani ya ragu, ciwon kai da ƙaiƙayin jikin da nake yi bayan feshi ya ragu.

Abin da ban so ba shi ne harawa. A tsaye yake, ba ya yaɗo kamar namu na gargajiya. Ni mai tumaki ne da shanun huɗa, harawa rabin ribata ce, a watan Afrilu ɗaurinta kuɗi ne. Don haka ban bar na gida ba, na raba gonar biyu. In masu binciken suna karanta wannan, a duba mana mai ba da ƙwaya da harawa tare.

Abu Hanan:
Ni fa a nan nake da ja. Ana lissafa waken nan da masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar gado, a matsayin nasarar Samaru. Ƙwayar gadon da aka sa a waken daga wani kamfanin Amurka ta fito, Monsanto. A ɗakin gwaje-gwajen CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, aka shigar da ita cikin wake. Gidauniyar fasahar noma ta AATF da ke Nairobi ce ta haɗa yarjejeniyar, kuɗin kuma daga waje. To mene ne namu a ciki? Kuma in manomi ya saba da shi, gobe aka ce sai ya saya duk shekara fa? Ba ina zagin kowa ba ne, tsoron ranar da irin kakanninmu zai ɓace nake yi.

Malamin Jami'a:
Malam Abu Hanan, duk abin da ka lissafa na asalin fasahar haka yake, ba ƙari. Ƙwayar gadon sunanta Cry1Ab, daga wata bakteriyar cikin ƙasa aka samo ta, kuma an bayar da ita ba tare da kuɗin mallaka ba. Abin da aka yi a Samaru shi ne gwaji a killataccen fili shekara da shekaru, da mayar da halin cikin irin da manomanmu suka riga suka karɓa, da gwada shi a wurare daban-daban, da tattara bayanan da hukuma ta nema. Ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba mu muka ƙirƙiro tushen ba, kuma ya kamata ɗaliba ta rubuta hakan ƙarara.

Batun saye duk shekara kuwa, a raba. Wake kansa yake yi wa barbara, don haka wanda Alhaji ya girbe zai iya ajiyewa ya sake shukawa. Masarar TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T da aka sake a Janairun 2024, ita haɗin aure ce tsakanin layi biyu, kuma duk masara irin wannan, ko da sauyin ƙwayar gado ko babu, in ka sake shuka 'ya'yanta amfanin yana raguwa. A nan damuwarka tana da wurin zama.

Abu Hanan:
Na gode da ka raba mini su. Amma har yanzu ina ganin cibiya mai shekara 100 ya kamata a ce ita ke ba wasu fasaha.

Tsohon Malamin Gona:
Ta taɓa bayarwa, ɗana, sai dai ba irin wadda ake sa wa a kwalba ba. Lokacin da aka koya mana aikin gona, an ce mana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, aikinmu mu sa manomi ya shuka abu ɗaya a layi. Mun yi ta fama, manoma suna cewa to, in mun juya baya su ci gaba da giccinsu. Sai wani Bature masanin tattalin arzikin noma a Samaru, David Norman, ya ce bari a auna tukuna. Shi da ma'aikatansa suka zauna da manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, daga tsakiyar shekarun 1960. Ana bin gida-gida ana rubuta awa nawa aka yi a gona, me aka shuka, me aka girbe. Sakamakon ya nuna manomin ne ke da gaskiya. Haɗa shuka ya fi ba da riba a kan kowace eka, ya fi biyan wahalar noma a watannin Yuni da Yuli lokacin da hannu ke ƙaranci, kuma in damina ta yi gardama ba ka tashi a tutar babu. Ya buga wannan a 1974. Daga irin wannan aiki ne tsarin binciken da ke farawa daga gonar manomi ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ranar da aka karanta mana wannan a wani kwas, na ji kunyar dattawan da na yi ta yi wa gardama.

Ma'aikacin Laburare:
Baba ya tuna mini da wani abu. Akwai filin gwaji a Samaru da aka fara a 1950, ana kiransa DNPK: takin shanu, da sinadaran taki uku, kowanne a mataki uku, fuloti 81. An kwaikwayi tsoffin filayen gwaji na tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila. Shekaru aka yi ana zuba wa kowane fuloti abu ɗaya ana auna ƙasa da amfani. Daga nan aka ga cewa takin zamani shi kaɗai, musamman mai sinadarin amoniyam salfet, yana sa ƙasar ta yi tsami a hankali, amfani ya riƙa ja baya, amma in an haɗa da takin gida ƙasa tana riƙe ƙarfinta. Masana ƙasa na Afirka ta Yamma sun daɗe suna kafa hujja da wannan fili. Ɗalibai nawa suka yi digiri a kansa, wannan ma lissafi ne da ya kamata ki nema.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina bin maganar tun farko. Wancan waken da Dakta ya ambata, IT97K-499-35, mu ma ya iso mu, ana shuka shi a jihar Maraɗi da Damagaram inda ƙuduji ya hana wake. Iri bai san iyaka ba, ta Jibiya da Maigatari yake shiga yana fita a cikin buhu. Amma in aka zo lissafin tasiri, kowace ƙasa nata take ƙirgawa.

Mu kuma namu ciwon ya ninka naku. Masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, rahotanninsu da yawa da Faransanci suke, injunan ƙirgar nan kuwa Ingilishi suka fi gani. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, jami'ar Purdue ta Amurka aka fi sani da shi, amma gwaji mai yawa a Maraɗi aka yi shi, Ibrahim Baoua da abokan aikinsa. Shi sunansa ya fito a maƙalu, alhamdu lillahi. Ma'aikatan da suka yi ta buɗe buhu suna ƙirga ƙwaro ɗaya-ɗaya ba wanda ya san su.

Mai Shagon Iri:
Ni a tsakiya nake, tsakanin masu bincike da manoma, bari in faɗi inda igiyar ke tsinkewa. Cibiya tana fitar da irin tushe kaɗan ne. Daga nan sai a ninka shi, kamfani ya karɓa ya sake ninkawa, hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ta duba ta ba da shaida, sannan ya zo shago. In mataki ɗaya ya yi rauni, sunan iri yana cikin kundin rajistar iri na ƙasa da cibiyar NACGRAB ke riƙe da shi a Ibadan amma babu shi a kasuwa. Manomi zai zo ya ce ya ji a rediyo, in ce masa ban samu ba. Kamfanoni sun fi son masara saboda duk shekara ake dawowa saye. Gyada da wake riba kaɗan ce, ga gyada da cin wuri, ga saurin mutuwar ƙwayarta in ta sha zafi a sito.

Na taɓa karɓar kaya daga hannun wani dillali, leda mai kyau da hoto, ashe hatsin kasuwa ne aka rina da jan magani. Manoma huɗu suka dawo mini, na biya su daga aljihuna. Tun daga ranar ba na karɓar ledar da ba ta da lambar nan da ake kankarewa a tura ta waya. Irin wannan in ya faru, manomi ba dillali yake zagi ba, cewa yake irin zamani ƙarya ne.

Ɗalibar Noma:
To yanzu in na ce zan ƙirga iri nawa aka sake, shi ma bai isa ba ke nan.

Malamin Jami'a:
Bai isa ba. Ki duba SK5912, gajeriyar kaura, wadda ake kira SAMSORG 17. Iri ɗaya ce, amma da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, ita masana'antun lemon malt da makamantansu suka koma wa. Wata dawar kuma an sake ta, ba ta wuce gonar gwaji ba, saboda gajarta ta yi yawa, manomi kuwa yana son kara don danni da rufi da makamashi, ko kuma tuwonta bai kwana. A takarda duk biyun "iri ɗaya" ne.

Akwai binciken da aka buga a mujallar World Development a 2019 a kan ingantaccen wake a Arewacin Najeriya, wanda ya ƙiyasta cewa ya fitar da mutum sama da dubu 900 daga talauci. Ki karanta shi, ki lura da yadda suka yi lissafin. Ki kuma lura cewa masanan IITA ne suka jagorance shi, alhali irin da ake magana a kai da sunan SAMPEA suka fita. Wa za a rubuta wa ladan? Layin daga IITA, gwaji da sakewa daga Samaru, yaɗawa daga NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ABU, da ma'aikatun gona na jihohi. Wannan ma ya amsa miki rabin tambayarki ta farko game da tazarar da kika gani. IITA tana da kuɗin ƙasashen waje, da masu lissafi, da masu gyara rubutu, da kuɗin biyan mujalla. Mujalla mai kyau da kowa zai karanta kyauta tana iya neman dala dubu 2 zuwa 3 a kan maƙala ɗaya. Ni kaina na taɓa janye maƙala bayan an karɓe ta saboda ban da abin biya. Najeriya kuwa abin da take kashewa a binciken noma bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na abin da noma ke samarwa ba, alhali kashi 1 Tarayyar Afirka ta nema.

Duk da haka ban janye maganata ta farko ba. Rashin kuɗi bai hana mu haɗa gwajin shekara uku a wuri huɗu mu fitar da maƙala ɗaya mai nauyi ba. Tsarin ƙarin girma ne ke hana mu, kuma mu malamai mu ke zama a kwamitocin.

Ma'aikacin Laburare:
Kuma sa tsoffin takardun nan a intanet ba ya cin dala dubu. Na'urar ɗaukar hoton takarda ce da mutum biyu masu haƙuri. Ƙanwata, in kin je, ki nemi rahotannin tashoshin cibiyar na Kadawa da Talata Mafara su ma, aikin noman rani yana can. Ki kuma nemi jerin kundayen digirin da aka yi a filayen cibiyar, ki bi sunayen ki ga ina masu su suke aiki yanzu.

Alhaji na Bunkure:
In kin tashi zuwa Kadawa ki biyo ta wajenmu, hanya ɗaya ce. Zan nuna miki gonar da na raba biyu, ki ga harawar da idonki.

Ɗalibar Noma:
In sha Allahu Alhaji, na gode. Na fasa jera cibiyoyi a teburi ɗaya. Zan ɗauki wake da gyada kawai, in bi kowanne daga maƙala zuwa rajista zuwa shago zuwa gona, in nuna inda na sami lamba da inda zaren ya ɓace mini. Hajiya, wata alfarma nake nema. Gyadar nan 'yar ƙarama mai fitowa da wuri, za ki iya ɗebar mini kaɗan? Akwai mai haɗa irin gyada a sashenmu, ina so ya duba ta.

Hajiya Mai Ƙuli:
Me zai hana, 'yata. Kala uku nake saye yanzu, zan ƙulla miki kowacce daban. Ɓararriya kike so ko da kwansonta?

Ɗalibar Noma:
Da kwansonta Hajiya, don yana duba zanen jikin kwanson da yawan ƙwayar ciki. Rabin gwangwani na kowacce ya isa. Ki sa a rubuta a jikin ledar sunan da kuke kiranta da shi da kasuwar da aka sayo ta.

Hajiya Mai Ƙuli:
To, ranar Laraba kayana ke zuwa. Zan sa yaro ya rubuta, in ba direban da ke zuwa Zariya ranar Alhamis.